Mai Tauye Mudu Da Masu Hukunta Shi



A wannan mako za mu ɗan jingine bayanin hukunce-hukuncen ciniki da muka saba kawowa, saboda wani al'amari da ya auku a gabanmu a Kasuwar Rimi, cikin birnin Kano, wanda ya tsaya mana a rai har ya kai mu ga bincike a inda ba mu saba leƙawa ba.

Wata ranar Laraba da hantsi mun shiga layin ma'auna za mu auni gero, sai muka ji hayaniya ta kaure. Ashe wata dattijuwa ce ta dawo da geron da aka auna mata, tana rantsuwa cewa kuɗin kwano goma ta biya, amma da ta je gida ta sake awo da nata kwanon sai ta tarar tara ne da ɗan kai. Mai awon yana cikin musu, sai wani saurayi ya fizge kwanon daga hannunsa ya kifa shi, sai ga gindin kwano an bubbuge shi ya shige ciki. To, kafin a ce kwabo wuri ya cika maƙil. Mun ga wani mai manja ya baro rumfarsa da masu saye biyu a tsaye, mun ga ɗan dako ya dire buhun da aka ba shi ya kai bakin titi, kowa yana kutsawa yana neman inda zai sa hannu ko ya sa baki. Alhali kuwa duk cikinsu babu wanda aka tauye wa ko ƙwayar gero ɗaya, galibinsu ma ba su san dattijuwar ba, ba su kuma san mai awon ba.

Fushi kam mun gan shi, kuma a kan hanya yake, gama tauye mudu laifi ne wanda aka sa wa sura guda ta Alƙur'ani mai girma suna da masu aikata shi, watau Suratul Muɗaffifina, yana kuma cikin laifuffukan da suka jawo halakar mutanen Madyana, jama'ar Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Amma da muka dubi fuskokin jama'a da kyau sai muka ga akwai wani abu dabam tare da fushin nan, watau wata irin annashuwa kamar ta waɗanda aka gayyata walima. Da muka leƙa cikin tamu zuciyar kuma, gaskiya ɗaya ce, can ma muka same ta. Shin me ke sa mutum ya bar cinikinsa, ya yi asarar lokacinsa da kuɗinsa, don ya hukunta wanda bai cuce shi ba? Kuma daga ina wannan daɗi yake ɓullowa?

Masana a Turai da Amurka sun shafe fiye da shekara arba'in suna bin diddigin wannan tambaya. A shekarar 1982 wani Bajamushe masanin tattalin arziki mai suna Werner Güth, shi da abokan aikinsa biyu, suka shirya wani gwaji mai sauƙi. Ana zaunar da mutum biyu waɗanda ba su san juna ba, a ba na farko kuɗi, mu ce naira dubu goma, a ce ya raba tsakaninsa da na biyu yadda ya ga dama. Na biyun ba shi da ikon tayi ko neman ƙari. Ko dai ya karɓi abin da aka miƙo masa kowa ya tafi da rabonsa, ko kuwa ya ƙi, a janye kuɗin duka su biyun su tashi a tutar babu. Bisa lissafin ɗan kasuwa, ko naira ɗari aka miƙo maka ai sai ka karɓa, tun da da babu gara ba daɗi. Amma an maimaita gwajin nan sau ɗaruruwa, kuma a ƙasashe masu masana'antu abin da aka riƙa samu shi ne mafi yawan masu rabo suna ba da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, sa'an nan idan aka miƙa wa mutum kashi 20 ko ƙasa da haka, wajen rabin mutane sukan ce a fasa kowa ya rasa. Watau mutum ya gwammace ya tafi hannu rabbana da ya bar wanda ya raina masa hankali ya ci bulus.

Ko da yake haka, ba ko'ina abin ya zo daidai ba. A 2001 Joseph Henrich da wata ƙungiyar masana suka buga sakamakon gwajin a ƙananan al'ummomi 15. Mutanen Machiguenga na dazuzzukan ƙasar Feru, waɗanda kowane gida ke ci da kansa, kimanin kashi 26 suke bayarwa, kuma da wuya a ƙi karɓa. Masunta na Lamalera a Indonisiya, waɗanda ba su iya kamun manyan dabbobin teku sai da haɗin guiwa, suna ba da fiye da rabi. Masanan sun lura cewa gwargwadon yadda al'umma ta saba da hulɗar kasuwa, gwargwadon yadda take yi wa baƙon da ba ta sani ba rabon adalci. Wannan kam ba zai ba Bakano mamaki ba.

A 2003 aka shigar da gwajin cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a Jami'ar Firinsiton ta Amurka, ƙarƙashin Alan Sanfey. Yadda na'urar ke aiki shi ne, sashen ƙwaƙwalwa da ya fi motsi shi ya fi jan jini, ita kuwa tana bin sawun jinin. Mutum 19 aka kwantar a ciki ɗaya bayan ɗaya, ana raba dala goma. Duk sa'ad da aka miƙo wa mutum dala ɗaya ko biyu, sai wani lungu da ke can ciki ta kowane gefe na ƙwaƙwalwa, wanda ake kira insula, ya tashi tsaye, kuma gwargwadon tashinsa gwargwadon yadda mutumin zai ƙi karɓar rabon. Shi wannan lungu an daɗe da saninsa da wani aiki: yana cikin sassan da ke motsawa idan mutum ya shaƙi ɗoyi, ko ya ɗanɗani ruɓaɓɓen abinci, ko ya ji zafin ciwo. Harshenmu ya riga na'ura gane wannan dangantaka, domin mukan ce wane yana cin ƙazamar riba, mu ce halin wane abin ƙyama ne, mu ce dukiyar wane ba ta da tsarki. Wani abin lura kuma shi ne, idan aka gaya wa mutum cewa kwamfuta ce ta yi rabon, lungun bai cika tashi sosai ba, kuma mutane sun fi karɓa. Ashe ba ƙanƙantar kuɗin kaɗai ke tayar da shi ba, har da niyyar wanda ya yi rabon.

Kada wani ya ce to ai wannan baƙar zuciya ce kawai, kamata ya yi a raba mutane da ita. Kasuwa ba ta tsayuwa sai da ita. A 2002 Ernst Fehr da Simon Gächter suka buga wani gwaji da suka yi da ɗalibai 240 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. An kasa su huɗu-huɗu, an ba kowa jari, aka ajiye asusu a tsakiya; duk abin da aka zuba a asusun za a haɓaka shi sa'an nan a raba wa mutum huɗun daidai wa daida, da wanda ya zuba da wanda ya noƙe. Kamar adashi ne wanda ko ba ka yi zubi ba za a ba ka kwasa. A zagayen da babu hukunci, zubi ya yi ta raguwa, domin mai gaskiya ya gaji da ciyar da mai wayo. Da aka ba su izinin hukunta juna, a kan cewa in ka biya ɗaya daga aljihunka za a zaftare wa mai noƙewa uku, sai zubi ya yi ta hauhawa. Kashi 84 cikin 100 na ɗaliban sun biya kuɗinsu sun hukunta wani aƙalla sau ɗaya, alhali an tsara abin ta yadda ba za su sake haɗuwa da wanda suka hukunta ba, balle su ci moriyar shiryuwarsa. Mai manjan nan na Kasuwar Rimi ke nan. Don ana tsoron irinsa ne kwanonin da ba a bubbuge ba suka fi yawa.

Akwai kuma wani gwaji da muke so ma'aikatan gwamnati su yi masa karatun natsuwa. A 2006, a Zurik ɗin dai, Daria Knoch da abokan aikinta suka yi amfani da wata na'ura ta maganaɗisu da ake ɗorawa a kai, wadda ke rage ƙarfin aikin wani yanki na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Suka ɗora ta a kan sashen gaba na hannun dama, daga goshi zuwa sama, wanda aka sani da aikin kame kai da auna al'amura. Ana raba faran 20 na Suwizalan. Waɗanda aka kasalar musu da wannan sashe sun karɓi wulaƙantaccen rabo na faran 4 har kusan sau 45 cikin 100, sauran kuwa ba su kai sau 15 ba. Abin mamaki shi ne da aka tambaye su ko rabon adalci ne, sai suka ce a'a, zalunci ne tsagwaronsa. Sun gani, sun sani, sun faɗa da bakinsu, sa'an nan suka miƙa hannu suka karɓa. Wanene a cikinmu bai taɓa zama ofis ɗaya da irin wannan mutum ba, wanda ya fi kowa iya bayanin ɓarnar da ke cikin fayil, amma idan aka turo masa nasa kason sai ya sa hannu? Gane zalunci abu ne guda, iya juya wa amfanin kai baya saboda shi kuwa wani aiki ne dabam, har ma ƙwaƙwalwa ta ba shi ma'aikata dabam.

Zuwa nan labarin mai daɗin ji ne. Ga inda ya fara ba mu tsoro.

A 2004 Dominique de Quervain tare da Fehr suka shirya gwajin cin amana da maza 15. Kai da abokin hulɗarka kowa yana da goma. In ka amince masa ka tura masa taka goman, sai a ninka ta sau huɗu, ya zama yana riƙe da hamsin; in mai amana ne ya dawo maka da rabi, in maci amana ne ya haɗiye duka. Duk wanda ya taɓa ba wani jari ya tafi fatauci ya san wannan hali. Idan aka ci amanar mutum sai a ba shi minti ɗaya ya yi shawarar hukuncin da zai yi, cikin wannan mintin ne ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa. Sai aka ga wani sashe can tsakiya, cikin yankin da ake kira sitirayatum, ya kama aiki. Wannan yanki yana cikin cibiyoyin da ke motsawa idan mutum yana sa ran samun wani abin daɗi, kamar kuɗi ko abinci. Idan hukuncin na fatar baki ne, wanda ba zai rage wa maci amana ko kwabo ba, sashen ba ya tashi haka. Sai in hukuncin zai yi masa ciwo da gaske. Daɗin daɗawa, waɗanda wannan sashe ya fi motsawa a kansu su ne suka fi yarda su kashe kuɗinsu don su hukunta. Annashuwar da muka gani a fuskokin mutane a Rimi ga gidanta.

A lura da lokacin da abin ke faruwa. Tun mutum bai ɗaga hannu ba, tun yana saƙa hukuncin a zuciyarsa, an riga an fara ɗanɗana masa zumar. A ɗakin gwaji babu laifi, domin masana sun tabbatar wa mutum wanda ya ci amanarsa da kuma yadda ya ci. Har ma sun sa wani zagaye inda aka ce ƙuri'a ce ta yanke a riƙe kuɗin, ba mutumin ba, a nan kuwa sha'awar hukunci ta faɗi warwas. Amma a bakin kasuwa wa zai tabbatar maka? Abin da ka samu shi ne ihun "ɓarawo!" daga bakin wanda ba ka sani ba, a kan wanda ba ka sani ba. A ganinmu nan ne haɗarin yake: cibiyar daɗin nan tana karɓar ihu a matsayin shaida, ba ta neman mutum biyu adilai.

Shekara biyu bayan haka, a 2006, Tania Singer da abokan aikinta a Landan suka ƙara wani haske. Sun sa maza 16 da mata 16 sun yi hulɗar kuɗi da wasu mutane, waɗansu suka yi musu adalci, waɗansu suka cuce su. Daga nan aka sa su kallo ana ɗana wa mutanen lantarki mai ɗan zafi a hannu. Idan mai adalci ake ɗana wa, sassan jin zafi na mai kallo sukan motsa kamar shi ake yi wa, watau tausayi ke nan. Idan macucin ne, sai tausayin nan ya dusashe ƙwarai a wurin mazan, cibiyar daɗi ta kunnu, musamman ga waɗanda suka ce suna son ramuwa. A wurin matan tausayin bai dusashe haka ba. Mu dai a Rimi ba mu ga mace ko ɗaya cikin masu kai duka ba, har da dattijuwar da aka cuta, ita geronta kawai take nema. Lalle ne mu faɗa cewa waɗannan gwaje-gwaje na ƙwaƙwalwa da mutane kaɗan aka yi su, galibi ɗaliban jami'a na Turai da Amurka, kuma sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa yakan yi ayyuka da yawa, saboda haka ba a yanke wa mutum hukunci da hoton kansa. Amma abin da suka nuna ya yi daidai da abin da kunnenmu ke ji kullum: "Allah ya ƙara", "maganinsa ke nan", "yau na huce haushina". Wanda ya ce ya huce, ai ya shaida da bakinsa cewa shi ma ya samu wani abu.

Sa'an nan ma'aunin nan na cikin kai shi ma ana bubbuge masa gindi. A 2012 Thomas Baumgartner da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan masu koyon aikin hafsa a rundunar sojan Suwizalan, waɗanda aka rarraba su rukuni-rukuni ba tare da zaɓi ba, suka zauna tare na 'yan makonni kawai. Aka sa su alƙalanci a kan cutar da wani ya yi wa wani. Laifi iri ɗaya, amma in ɗan wani rukuni ne ya aikata sai hukunci ya yi tsanani. In ɗan rukuninsu ne sai sassan ƙwaƙwalwa masu aikin hasashen abin da ke zuciyar wani su kama aiki, kamar ana nema masa uzuri, hukuncin kuma ya yi sauƙi. Zaman 'yan makonni ke nan, ina ga zaman unguwa ɗaya tun kakanni, ko ɗariƙa ɗaya, ko jam'iyya ɗaya? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ashe har na ɗan'uwanka ma takawa kake yi. A ofisoshinmu masinja yakan sha takardar tuhuma a kan makarar rabin sa'a, wanda ya fito gari ɗaya da mai gida kuwa a ce ai yana da matsala a gida, a yi masa haƙuri. Ma'abota hadisi sun san ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata sassauci saboda darajar gidansu, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma bayyana cewa kyale babba da kama ƙarami shi ya halaka al'ummomin da suka gabata.

To, yaya magabatanmu na birnin nan suka yi da wannan wuta, wadda in babu ita ba a dafa komai, in ta yi yawa kuma ta cinye gida? Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma Shehu Magili ya rubuta wa nasiha a kan wajiban sarakuna, ciki har da adalci wajen hukunci da sa ido a kan ma'aikata. Wajen 1806 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Kano ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami, domin su san yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Ba a jima ba, a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, ya iso Kano ya ga kasuwar da idonsa, ya yaba da yadda ake tafiyar da ita bisa adalci ba sani ba sabo. Ya ba da labarin wata ƙa'ida da ta cancanci kowane ɗan kasuwa ya san ta. Kowane ƙunshi na riga ko turkudi ana rubuta sunan dillalin da ya sayar a cikinsa. In aka kai ƙunshin Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, aka buɗe a can aka tarar da algus, sai a komo da shi Kano, dillali ya nemo mai kayan, shi kuwa tilas ya mayar da kuɗi.

A duba hikimar da ke cikin wannan. Mutumin Barno da aka cuta yana da insularsa, yana da cibiyar daɗinsa kamar kowa. Amma tafiyar makonni ce tsakaninsa da wanda ya cuce shi, kafin kaya su iso fushi ya sauka. Sunan da ke cikin ƙunshi ya hana a kama wanda ba shi ba ne. Mai tilasta biya kuwa hukumar kasuwa ce, wadda ba ita aka cuta ba. Hukuncin ma an auna shi daidai da ɓarnar, watau mayar da kuɗi, ga kuma zubewar mutunci a gaban abokan sana'a, wadda ga dillali ta fi bulala ciwo. Macuci bai sha ba, amma an fitar da hukuncin daga hannun wanda zai ji daɗin yin sa.

Malaman fiƙihu sun yi wa wannan iyaka tun da daɗewa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa sharuɗɗan hisba cikin Ihya'u Ulumiddini: abin ya zama mummuna tabbas, ba wanda malamai suka yi saɓani a kansa ba, ya zama a fili ba sai an yi leƙen asiri ba, kuma ya zama ana cikin aikata shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi jama'a suka fi mantawa. Kowa yana da ikon riƙe hannun ɓarawo ya hana shi tafiya da kaya, amma da zarar an riƙe shi ɓarna ta tsaya, abin da ya rage horo ne, horo kuwa na mahukunta ne. Ko Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, yanke hukunci ba nata ba ne, na kotu ne. Shi kansa alƙalin an ɗaure shi: hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim ya hana shi hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasin yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi a kan fushin, Muhtasar na Halil ma ya haɗa duk abin da ke ɗauke hankali daga tunani. A 2008 Molly Crockett a Jami'ar Kambirij ta Ingila ta shayar da mutum 20 wani haɗi da ke rage sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa na 'yan sa'o'i, sai suka ƙara yawan ƙin karɓar rabon rashin adalci, alhali ra'ayinsu a kan menene adalci bai sauya ba. Watau halin da jiki ke ciki yana iya ƙara wa hannu nauyi, mai hannun kuwa yana rantsuwa cewa gaskiya kaɗai yake bi.

Ba tatsuniya muke yi ba. A ƙarshen watan Maris 2025, cikin goman ƙarshe na azumi, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo, aka sauko da mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida Kano don yin Salla, aka ga bindigogin farauta tare da su, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16 aka ƙone. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Kano ta yi kuka, kuma ya kamata ta yi. Sai dai abin da ke da ɗacin haɗiya shi ne, yawancin waɗanda suka taru a wurin nan a zatonsu miyagu suke hukuntawa, sun gaji da satar mutane a yankinsu, ga baƙi waɗanda ba su jin harshensu, ga ihu. Duk kayan haɗin da muka lissafa a sama sun cika. A rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a watan Oktoba 2024 ta ƙidaya aƙalla mutum 555 da irin wannan hukunci na taron jama'a ya rutsa da su a Nijeriya tsakanin 2012 da 2023. Mu da muka yi Allah wadai da Uromi, ya kamata mu tuna da abin da bakinmu ya riƙa faɗa a 2023, sa'ad da ƙwacen waya ya addabi birnin nan, duk lokacin da aka ce an kama wani a bakin titi.

Ko a inda hukuma ce ta ɗauki mataki, daɗin nan yana gaba da bincike a zukatanmu. A watan Fabrairu 2024, ana tsakiyar tsadar abinci, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe rumbunan ajiya guda goma a yankin Kasuwar Dawanau, bayan gari, bisa zargin ɓoye kayan abinci. Majalisun cikin birni suka ɗauka da murna, kowa yana cewa a ƙwace a raba wa talakawa. Shugabannin kasuwar suka musanta zargin, aka zauna aka tattauna, aka buɗe rumbunan cikin watan. Ba mu shiga tsakani a kan wa ke da gaskiya ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne labarin rufewar ya zaga gari cikin sa'a guda, na buɗewar kuwa da ƙyar muka sami wanda ya ji shi.

A Rimi dai Allah ya kiyaye. Ana cikin turereniya, har an yaga wa mai awon wuyan riga, sai wani dattijo daga shugabannin layin ya ratso, ya ce kowa ya ja da baya, ya zaunar da dattijuwar a kan buhu, ya zaunar da mai awon a ƙasa. Ya aika aka karɓo kwano daga rumfuna biyu dabam, aka auna geron a gaban kowa sau biyu, ya fito tara da ɗan kai kamar yadda ta faɗa. Ya tambayi mai awon abin da zai ce, shi kuwa ya ce haka ya sayi kwanon. Dattijon bai yi masa gardama ba. Ya sa ya cika mata geronta, ya biya ta kuɗin motar zuwa da komowa, ya riƙe kwanon ya ce za a kai shi ofishin shugabannin kasuwa tare da mai shi bayan Azahar, a can za a bincika maganar saye. Duka-duka bai fi rubu'in sa'a ba. Muna ji wani daga baya yana cewa, "Au, shi ke nan?" Jama'a suka watse jiki a sanyaye kamar an fasa biki, mai manja ya koma ya tarar masu sayensa sun yi gaba. Mu kuma muka matsa rumfa ta gaba muka auni geronmu, amma sai da muka ce wa mai awon, "Malam, don Allah kifa mana kwanon tukuna." Bai ji daɗi ba, ya dai kifa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan bayanin mayar da kaya saboda aibi.